Zangon Farko a Wata Makarantar Ƙauye a Tailan

Makarantar da nake koyarwa a cikinta a matsayin ɗan sa-kai tana wani ƙauye ne na lardin Khon Kaen, a yankin arewa maso gabashin Tailan wanda mutanen ƙasar suke kira Isan. Babban birnin lardin yana da nisan kimanin kilomita 450 daga Bankok, daga can kuma sai an ƙara tafiya ta tsakiyar gonakin shinkafa da rogo da rake kafin a iso garinmu. Isan yana da larduna 20, kusan kashi ɗaya cikin uku na al'ummar ƙasar a nan suke zaune, kuma shi ne yankin da samun mutanensa ya fi ƙaranci, abin da ya sa matasansa suke kwarara zuwa Bankok da garuruwan masana'antu domin neman abin kai. Yawancinmu a gida mun san sunan Tailan ne a jikin buhun shinkafa, don haka yanzu da aka rufe zangon farko muka shiga hutun watan Oktoba, na ga ya dace in rubuta yadda zaman ya kasance, musamman saboda 'yan'uwa malamai da suke tambayata ko su ma su gwada. Abin da nake son su sani tun farko shi ne, gwanintar Turanci ba ita take mayar da baƙon malami ɗan gida ba a irin wannan makaranta. Abin da yake ba shi wurin zama shi ne ya shiga cikin tsarin da ya tarar, ya ɗauki nasa kason na wahalar yau da kullum, ya kuma yarda cewa makarantar tana da masu ita tun kafin ya zo.

Maganar takardu ba zan ja ta da nisa ba, amma tsallake ta zai zama cuta ga mai niyyar zuwa. A dokar Tailan aikin sa-kai aiki ne, ko da ba a biyan mutum ko sisi, saboda haka ana bukatar bizar da ta dace da kuma takardar izinin aiki, wanda kuwa ya shigo da bizar yawon buɗe ido ya kama koyarwa ya jefa kansa da makarantar da ta karɓe shi cikin hatsari. Ɗan Najeriya yana bukatar katin rigakafin cutar shawara, da takardar tantancewa daga hukumar NDLEA, kafin ya nemi biza. Bayan an iso kuma, duk kwana 90 sai baƙo ya sanar da ofishin shige da fice inda yake zaune. Duk ƙungiyar da ta ce wa mutum ya taho kawai za a gyara komai daga baya, ina ba shi shawara ya nemi wata.

Shekarar karatu a nan tana farawa ne a tsakiyar watan Mayu, tare da faɗuwar damina, zangon farko ya ƙare a wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, na biyu ya fara a Nuwamba ya kai Maris, sannan a tafi dogon hutu a lokacin tsananin zafi. Kwanan wata da ake rubutawa a saman allo na kalandar addinin Buda ne, wadda take gaba da ta Miladiyya da shekara 543, saboda haka shekarar 2024 ita ce 2567 a wurinsu. Firamare aji shida ce, suna kiranta Pratom, a ƙasanta kuma akwai azuzuwan renon yara. Ɗalibanmu gaba ɗaya ba su kai ɗari ba, kuma mu ba mu kaɗai ba ne a wannan hali, domin kusan rabin makarantun gwamnati na ƙasar ana lissafa su cikin ƙananan makarantu, wato waɗanda ɗalibansu ba su wuce 120 ba. Haihuwa ta ragu ƙwarai, har tun 2021 masu mutuwa a shekara sun fi waɗanda ake haifa yawa. Wanda ya saba da aji mai cike da yara har bakin ƙofa zai ga baƙon abu a nan: bencina sun fi yara yawa, amma malamai ba su kai yawan azuzuwa ba, sai malama ɗaya ta riƙe aji biyu, ko ta koyar da lissafi da kimiyya da Turanci duk ita kaɗai.

Safiyar makarantar ita ce ta fara koya mini inda nake. Tun wajen ƙarfe bakwai yara suke isowa, wasu a keke, wasu a bayan babur ɗin kakanninsu, kuma kafin a buga ƙararrawa kowane aji ya san yankinsa na shara: waɗannan su share ganye a fili, waɗancan su goge daɓen aji, wasu su ba shuke-shuke ruwa. Malamin da yake da aikin ƙofa a ranar yana tsaye a bakin shiga, duk yaron da ya iso sai ya haɗa tafukan hannunsa a gaban fuska ya sunkuyar da kai ya gaishe shi, wannan gaisuwa ita ake kira wai. Ƙarfe takwas daidai ake ɗaga tuta ana rera taken ƙasa, a daidai lokacin da ake sa shi a rediyo da talabijin a duk faɗin ƙasar, ana kuma maimaitawa da ƙarfe shida na yamma. Bayan haka sai addu'ar addinin Buda, sai jawabin malami, sannan yara su tafi aji a layi, su tuɓe takalmansu su jera a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce mini wajibi ne in zo tun da sassafe, domin a ganinsu ni baƙo ne kuma darasina ba ya farawa sai can da hantsi. Na zaɓi in riƙa zuwa ne domin na lura cewa a wannan sa'a ta farko ake sanin waye malami na gaskiya a idon yara da iyayensu. Da hedimasta ya ga na dage, sai ya sa sunana a jerin masu tsayuwar ƙofa, kuma daga ranar ne kakannin da suke kawo yara suka fara yi mini magana da kansu maimakon su tsaya daga nesa suna kallo.

A matsayina na Musulmi, tambayar da ta fi damuna kafin in zo ita ce yadda zan yi da al'adun makaranta da suke haɗe da ibada, domin a nan addinin Buda ba a gefe yake ba, yana tsakiyar rayuwar makaranta. A kowane aji akwai hoton Buda da tutar ƙasa da hoton sarki a saman allo, sufaye masu rawayar tufa suna zuwa koyar da tarbiyya, a kan kuma kwashi yara zuwa wurin ibadar ƙauyen a manyan ranaku, kamar lokacin da ake kai kyandir a watan Yuli domin shiga watanni uku na zaman damina da sufaye suke yi. Tun makon farko na zauna da hedimasta tare da malamar da take fassara mana, na bayyana masa a fili abin da zan iya da abin da ba zan iya ba. Na ce zan tsaya a layi cikin natsuwa lokacin addu'a ba tare da na shiga cikinta ba, zan raka yara duk inda za su je in kula da su, amma ba zan rusuna wa gunki ba, ba kuma zan miƙa hadaya ba. Bai nuna ɓacin rai ko kaɗan ba. Tailan tana da nata Musulmi, kimanin kashi biyar cikin ɗari na al'umma, mafi yawansu a lardunan kudu irin su Pattani da Yala da Narathiwat da Satun, akwai kuma ofishin Shaihul Islam da gwamnati ta amince da shi, saboda haka ko malamin da bai taɓa zama da Musulmi ba ya san cewa akwai abubuwan da ba ma yi. Na tabbata faɗin gaskiya da wuri cikin ladabi ya fi a riƙa kauce-kauce da uzuri, domin kauce-kauce shi ake ɗauka raini.

Inda abin ya fi taɓa zuciyata shi ne bikin girmama malamai da ake kira Wai Kru, wanda ake yi a wata ranar Alhamis a watan Yuni. Kwana ɗaya kafin bikin yara suka wuni suna shirya farantan furanni, kowane aji yana son nasa ya fi kyau. Abubuwa huɗu ne ba sa rasuwa a ciki, kuma kowanne da abin da yake nufi: wani jan fure mai tsini kamar allura domin kaifin basira, ciyawar ƙiri-ƙiri domin juriya da saurin yaɗuwar ilimi, furen yalo wanda yake sunkuyar da kai domin tawali'u, da guggurun shinkafa domin horo. A ranar bikin malamai suna zaune a kan kujeru, yara suna tahowa a kan gwiwoyinsu, su miƙa furanni, su kai goshi ƙasa a gaban malami. Na roƙi malamar aji shida tun kafin ranar ta gaya wa yaran cewa idan sun iso gabana su tsaya a kan gaisuwar hannu kawai, kada su kai goshi ƙasa, domin a addinina sujada ta Allah ce shi kaɗai. Haka kuwa suka yi, ba tare da wani ya mayar da abin magana ba. Duk da wannan bambanci, ban taɓa ganin inda aka ɗaukaka aikin koyarwa a bainar jama'a irin haka ba, kuma na fita daga zauren ina jin nauyin amanar da aka ɗora mini fiye da yadda na shiga. Ƙasar tana kuma da ranar malamai ta daban, 16 ga Janairu, wadda ake kiyayewa tun 1957.

Abinci shi ne jarrabawa ta biyu. Gwamnati tana ciyar da yaran firamare da rana kyauta, kuma a ƙarin da aka amince da shi a ƙarshen 2022, an tsayar da kuɗin kowane yaro a rana tsakanin bat 22 zuwa 36 (bat shi ne kuɗin Tailan) gwargwadon girman makaranta, ƙanana su ne suke samun mafi yawa. Akwai kuma madara da ake raba wa kowane yaro kullum, shirin da aka fara tun 1992. Bayan cin abinci kowa ya wanke farantinsa, sannan su jeru a bakin famfo da buroshi su goge haƙora. Malamai suna cin nasu tare a teburi ɗaya, kowa ya kawo abin da ya samu a sa a tsakiya: shinkafa mai danƙo a ƙananan kwanduna wadda ake dunƙulawa da hannu, ɗanyar gwanda da aka daka a turmi da barkono da lemon tsami, gasasshen kifi, ganyaye iri-iri. Matsalata ita ce naman alade yana shiga cikin abinci da yawa, wani lokaci ko ba a ga naman ba romonsa yana ciki, kajin kasuwar ƙauye kuma ba yankan Musulmi ba ne. Da sauƙi in riƙa cin abincina ni kaɗai a ɗaki, amma na gane cewa a wannan teburi ake yanke rabin shawarwarin makaranta, a nan ake jin wane yaro ne ba shi da lafiya, wace rana ce za a rufe aji saboda taro. Don haka nake dafa nawa in kawo, in sa a tsakiya kamar kowa, in ci kifi da ƙwai da ganye daga nasu. Ba a daɗe ba mai dafa abincin makarantar ta ware tukunya ɗaya da cokali ɗaya ta ce ba za su taɓa alade ba, ba tare da na roƙa ba. Nama kuwa sai na shiga birnin Khon Kaen nake sayowa a wurin Musulmi, a shaguna kuma ina duba tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar a jikin kaya. A can birnin nake sallar Juma'a, domin an gyara mini jadawali yadda ba ni da darasi bayan hantsin Juma'a, da Babbar Sallah ta faɗo a ranar aiki a tsakiyar Yuni kuma hedimasta ya ba ni hutu tun kafin in nema.

Akwai wata magana da ba zan ɓoye ba. Sa'ad da aka gaya wa mutanen ƙauyen cewa za a kawo malamin Turanci daga waje, Bature suka sa rai za su gani, domin a tunanin mutane da yawa a nan Turanci na farar fata ne. Ko a tsarin ɗaukar malamai masu albashi, 'yan ƙasashe ƙalilan irin su Ingila da Amurka da Kanada da Ostareliya ne ake ɗauka a matsayin masu harshen, ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru kuwa sai ya kawo sakamakon jarrabawar Turanci irin TOEIC, ko da da Turanci ya yi karatunsa tun daga firamare har jami'a. Amma duk da haka malamai 'yan Filifin da 'yan Afirka ne suke riƙe da azuzuwan Turanci a makarantu masu yawa na larduna, inda Turawa ba sa son zama. A makonnin farko ƙananan yara sukan zo su shafa hannuna su duba tafinsu, wasu kuma su ɓuya a bayan malamarsu. Ban ɗauki wannan da zafi ba, domin yawancinsu ba su taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba, kuma abin da yake zuciyar yaro ɗan shekara shida mamaki ne, ba ƙiyayya ba. Na kawo taswirar duniya na nuna musu Afirka da Najeriya, na nuna musu hotunan iyalina da na makarantar da na koyar a gida. Abin da ya fi yi mini ciwo ba nawa ba ne, na yaran ne: su kansu 'yan Isan sun fi mutanen birni duhun fata, tallace-tallacen man bilicin sun cika talabijin, har nakan ji suna tsokanar wanda ya fi duhu a cikinsu. A duk lokacin da na ji haka nakan tsayar da darasi in yi magana a kai, kuma ina ganin tsayuwata a gaban allo a matsayin malaminsu tana yin wani aiki a wannan fanni wanda magana kaɗai ba za ta yi ba.

A cikin aji kuwa, abu na farko da ya kamata baƙo ya sani shi ne Turanci harshe na uku ne ga waɗannan yara. A gida suna magana da harshen Isan, wanda ya fi kusa da na ƙasar Laos da ke tsallaken kogin Mekong, a makaranta su koyi daidaitaccen harshen Tai mai baƙaƙe 44 da karin sauti biyar, sannan a ɗora musu Turanci da wasu haruffa dabam tun daga aji ɗaya. Na tarar da yara 'yan aji biyar da suke iya kwafe shafi guda daga allo da kyakkyawan rubutu, suna kuma iya rera gaisuwar safe ta Turanci baki ɗaya, amma idan na ware ɗaya na tambaye shi sunansa sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Ba daƙiƙanci ba ne. Tsoron kuskure a gaban jama'a ne, domin a nan jin kunya a bainar mutane babban abu ne, kuma yaro ya gwammace ya yi shiru da ya faɗi abin da za a yi masa dariya. Saboda haka na daina kiran mutum ɗaya ya tashi ya amsa. Sai mu fara faɗa gaba ɗaya, sannan layi-layi, sannan biyu-biyu suna tambayar juna ina zagayawa ina saurare, sai a ƙarshe wanda ya ji ƙarfin gwiwa ya ɗaga hannu da kansa. Wasa da waƙa da gasar ƙungiya-ƙungiya suna buɗe bakinsu fiye da komai, kuma malaman nan sun yarda cewa darasin da babu nishaɗi a cikinsa ba ya zama a kai.

A wajen furuci ne kasancewata Bahaushe ta yi mini amfani fiye da yadda na zata. Harshen Tai yana da sautuka takwas ne kawai da suke iya rufe gaɓa, saboda haka idan kalmar Turanci ta ƙare da sautin da babu shi a cikinsu, yaro yakan musanya shi ko ya yar da shi gaba ɗaya, idan kuma baƙaƙe biyu suka haɗu a farkon kalma yadda harshensa bai saba ba sai ya cusa wasali a tsakaninsu. Wannan cusa wasali shi ne ainihin abin da bakin Bahaushe yake yi wa kalmomin aro, kuma na sha fama da shi a wurin ɗalibaina na gida, don haka na san cewa ba a gyara shi da tsawa ko da yawan maimaita kalma ɗaya. Ana gyara shi ne idan aka sa yaro ya fara jin bambancin da kunnensa, ya ga inda harshe da leɓe suke tsayawa, kafin a nemi ya furta. Haka kuma da na fara koyon harshensu, karin sauti da bambancin dogon wasali da gajere ba su zo mini a matsayin baƙon abu ba, tunda Hausa ma da su take rarrabe ma'ana, sai dai nasu karin ya fi namu yawa. Ina koyo a gaban yaran, suna gyara mini, kuma na lura cewa yaron da ya gyara wa malaminsa furuci da safe ba ya jin nauyin a gyara masa nasa da rana.

Akwai talabijin a kowane aji, wadda ake kama darussan da ake watsowa daga makarantar Wang Klai Kangwon da ke Hua Hin, shirin da aka fara tun tsakiyar shekarun 1990 a zamanin Sarki Bhumibol domin taimakon makarantun da ba su da isassun malamai. Yana toshe ɓaraka, amma akwatin ba ya jin amsar yaro, ba ya kuma sanin wanda aka bari a baya.

Wanda yake son jadawali ya tafi daidai yadda aka rubuta zai sha wahala a nan. Sau da yawa nakan shirya darasi in tarar babu kowa a aji, an tafi atisayen 'yan sikawut, wanda yake cikin manhaja kuma asalinsa tun 1911 ne zamanin Sarki Rama na shida, ko ana shirin ranar iyaye mata ta 12 ga Agusta, ko ana gyaran fili saboda baƙi daga ofishin ilimi. A watan Yulin 2024 da sarki mai ci ya cika shekara 72, rawayar riga muka riƙa sawa, domin kowace rana ta mako tana da launinta kuma rawaya ce ta Litinin, ranar da aka haife shi. Baƙo ya kiyaye harshensa a kan gidan sarauta, domin sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncinsa. Sanarwar irin waɗannan canje-canje tana fitowa ne a zauren malamai na manhajar LINE, da harshen Tai, wani lokaci da daddare. Da na nemi a sa ni a zauren, na kuma riƙa tambayar malama ɗaya kowace yamma abin da gobe za ta zo da shi, yawancin ruɗanin ya kau. Ɗaga murya ko nuna fushi a fuska ba ya gyara komai a nan, sai dai ya zubar da girman mai yinsa. Haka kuma abokan aiki ba za su ce maka kai tsaye darasinka bai yi ba, saboda gudun ɓata maka rai, sai dai su kawo shawara a kaikaice, ko su aiko wani ya faɗa maka a hankali. Dole mutum ya koyi sauraron abin da ba a faɗa ba. Ana kiran wanda ya girme ka Pi, wanda ka girma kuma Nong, yara da iyaye kuwa Kru suke kiran kowane malami kafin sunansa, kuma ranar da malaman suka koma kirana da irin kiran da suke yi wa junansu na san an matsa mini wuri.

Abin da ya sauya yadda nake kallon ɗalibaina gaba ɗaya shi ne ziyarar gida-gida da malamai suke yi a farkon shekara, wadda na roƙa a tafi da ni. Gida bayan gida, tsoho da tsohuwa muke tararwa, iyayen suna Bankok ko Chonburi ko Rayong suna aikin gini ko masana'anta ko tuƙin tasi, wasu ma suna ƙasashen waje, ba sa dawowa sai bikin sabuwar shekararsu na Songkran a tsakiyar Afrilu ko ƙarshen Disamba. Kakar da take dashen shinkafa tun asuba, wadda ita kanta karatunta bai wuce firamare ba, ba za ta iya zama ta duba wa jikanta aikin gida na Turanci ba. Daga nan na rage ba da aikin gida, na mayar da ƙarfina kan abin da za a gama a cikin aji. Na kuma gane dalilin da ya sa wasu yaran suke maƙale wa malamai, suna riƙe hannu, suna son a duba littafinsu ko da babu abin dubawa. Ga da yawansu malamar aji ita ce babba mafi kusa da shekarun uwa da suke gani kullum.

Wannan shi ya sa nake da ra'ayi mai ƙarfi game da aikin sa-kai na mako biyu ko uku da wasu kamfanoni suke sayar wa matafiya. Yaron da iyayensa suka tafi suka bar shi ba ya bukatar wani babba da zai zo ya shaƙu da shi, ya ɗauki hotuna, ya ɓace kafin ya gama koyon sunayen 'yan aji. Kowane sabon zuwa yakan fara daga launuka da ƙirga ɗaya zuwa goma, har yara su yi shekaru suna zagaye wuri ɗaya. Wanda ba zai iya ba da aƙalla zango guda cikakke ba, gara ya taimaka ta wata hanyar. Ko ni da zan yi shekara, mai wucewa ne, masu zama su ne malaman nan da suke koyarwa, su cika takardun ofis, su riƙe lissafin kuɗin abinci, su kai yaro asibiti a motarsu, waɗanda har zuwa watan Janairun 2024 da gwamnati ta soke dokar, su ne ma suke gadin makaranta da dare da ranakun hutu. Malamar da aka ɗora wa Turanci a makarantarmu ba shi ta karanta ba, kuma da farko takan bar mini ajin ta fita saboda nauyin yin magana a gabana. Na roƙe ta ta zauna, na ce ina bukatarta domin ita ta san yaran kuma ita take iya bayyana musu abin da ya shige duhu da harshensu, wannan kuwa gaskiya ce tsantsa. Yanzu tare muke tsara darasi, ita take buɗewa, ni in ja ɓangaren furuci da tattaunawa, ita ta rufe.

A wannan hutun muna haɗuwa da ita muna jera abin da kowane aji ya riga ya iya da abin da zai biyo baya, daga aji ɗaya zuwa shida, muna rubutawa da Tai da Turanci a babban littafi guda da zai zauna a ɗakin malamai, tare da katunan hotuna da muka manna wa leda domin su jure hannun yara. Zango na biyu zai fi na farko katsewa, domin a cikinsa ake girbin shinkafa, da bikin Loi Kratong na sakin furanni da kyandir a kan ruwa, da wasannin motsa jiki na makarantun yanki, da ranar yara a Asabar ta biyu ta Janairu, da zangon sikawut na kwana a waje. Saboda haka muka yanke shawarar rage yawan abin da za mu koyar, mu tsaya a kan karatun haruffa da sautinsu ga aji ɗaya zuwa uku, da gajeriyar tattaunawa ga manya, ta yadda duk ɗan aji shida da zai tafi sakandare a watan Mayu zai iya karanta gajeren sakin layi da kansa, ya kuma amsa tambaya a kansa ba tare da ya jira 'yan aji su amsa tare da shi ba.